Bizar Mai Zuba Jari: Yadda Ɗan Kasuwar Kano Zai Shirya Kafin Ya Miƙa Takardunsa

Tambayar da ɗan kasuwa ya fi farawa da ita idan maganar bizar mai zuba jari ta taso ita ce, "Nawa zan tanada?" Kuɗi kam ana buƙatarsu, amma a Kano ba kasafai suke zama matsalar ba. Akwai mai shago a Kantin Kwari ko Singa da abin da yake juyawa a 'yan watanni ya fi jarin da wasu ƙasashe ke nema. Inda ake faɗuwa shi ne wajen nuna daga ina kuɗin suka fito, ta wace hanya suka bi, da kuma ko sana'ar da za a kafa can ta gaske ce. Jami'in da zai duba fayil ɗinka bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, ba kuma zai shigo kasuwa ya tambayi maƙwabtan shagonka ba. Takarda kaɗai yake gani. Don haka mafi yawan aikin a nan gida ake yin sa, kuma yakan ci shekara guda ko biyu kafin a kai ga cike fom.

Da farko, duba inda fasfonka zai iya shiga

Ba kowace ƙofa ce take buɗe wa mai fasfon Najeriya ba, kuma sanin wannan tun farko zai hana ka asarar miliyoyi.

A Amurka, bizar da ta fi dacewa da ƙaramin ɗan kasuwa ita ce E-2, domin ba a yanka mata wani adadin kuɗi ba. Sai dai ana ba da ita ne kawai ga 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniyar kasuwanci da Amurka, kuma Najeriya ba ta ciki. Nijar, Chadi da Ghana ma ba sa ciki. Kamaru, Togo, Senegal, Masar, Maroko da Habasha suna ciki, don haka wanda yake da halastaccen fasfon ɗaya daga cikinsu, misali ta wajen iyaye, zai iya nema. A da wasu kan sayi takardar zama ɗan ƙasar Turkiyya ko Grenada su nemi E-2 da ita, amma tun Disamban 2022 doka ta ce wanda ya samu ƙasa ta hanyar zuba jari sai ya zauna a can shekara 3 a jere kafin ya cancanta. Duk ejan ɗin da ya ce maka zai samo maka E-2 da koren fasfon Najeriya, tashi ka bar masa ofishinsa.

Har zuwa ƙarshen 2025, abin da ya rage wa ɗan Najeriya a Amurka hanya biyu ce. EB-5 tana ba da izinin zama, amma tun 2022 jarinta dala 1,050,000 ne, ko dala 800,000 a karkara da yankunan da rashin aikin yi ya yi yawa, kuma dole jarin ya samar wa mutum 10 aiki na cikakken lokaci. Wannan ta wuce ƙaramin ɗan kasuwa. Ɗayar ita ce L-1A, wadda ake ba manajan kamfani ya je ya buɗe reshe. Sharaɗinta shi ne ka yi wa kamfaninka na gida aiki a matsayin shugaba ko manaja na shekara guda cur a cikin shekaru 3 da suka wuce, ka kama wurin aiki na gaske a can, kuma kamfanin Kano ya ci gaba da aiki bayan ka tafi. Shekara ɗaya ake fara bayarwa ga sabon reshe. Ka kuma tuna cewa ƙa'idojin Amurka kan 'yan Najeriya suna yawan sauyawa: a 2020 an dakatar da bizar ƙaura, aka ɗage a 2021, a Yulin 2025 kuma aka rage yawancin bizar ziyara zuwa wata 3 da shiga sau ɗaya. Duba shafin ofishin jakadancinsu a ranar da za ka kashe kuɗi.

Birtaniya ta rufe bizar masu zuba manyan kuɗi a Fabrairun 2022. Wadda take aiki tun Afrilun 2023 sunanta Innovator Founder. Ba ta da ƙayyadadden jari, amma sai ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su ya sa hannu cewa sana'arka sabuwar dabara ce, za ta iya tsayawa da ƙafarta, kuma za ta iya bunƙasa. Shagon atamfa, gidan abinci ko kantin kayan masarufi ba sa wucewa, komai kyan tsarinsu. Ana kuma neman Turanci a matakin B2 (matsakaici na sama a ma'aunin ƙwarewar harshe), da fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunka, da gwajin tarin fuka.

Ga mafi yawan 'yan kasuwar Kano, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta fi kusa da hannu, shi ya sa za a yi bayaninta dalla-dalla a ƙasa. Saudiyya tana yi wa baƙo rajistar zuba jari a ma'aikatar zuba jarinta, tana kuma da igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 800,000 sau ɗaya ta dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Abin da ya kamata a guje wa a can shi ne tsohuwar al'adar buɗe shago da sunan ɗan ƙasa alhali dukiyar taka ce. Dokarsu ta 2020 ta ɗauke shi laifi mai hukuncin ɗaurin da zai kai shekara 5 da tarar da za ta kai riyal miliyan 5, kuma ranar da kuka saɓa da mai sunan, ba ka da takardar da za ka kai kotu.

Ko a nan maƙwabta, shiga ba biza daban, izinin kasuwanci daban. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta ɗora wa baƙon da zai yi saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki, kuma a kanta aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020.

Gyara takardun kasuwancinka na gida

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma ba a iya yi masa gaggawa, domin tarihi ake so a gani.

Ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba ka da sana'ar a idon doka, ga L-1A kuwa ko buɗe reshe a wata ƙasa, cikakken kamfani mai hannun jari ya fi ƙarfi. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya kafa shi. In kana da rajista tun tuni, duba ko kana miƙa rahoton shekara-shekara. Kamfanoni da yawa an yi musu rajista an jefa takardar a durowa, a shafin CAC kuma suna nan a matsayin waɗanda ba sa aiki, kuma jami'in biza zai iya dubawa daga kujerarsa.

Sai asusun banki da sunan kamfanin, wanda cinikin shago zai riƙa shiga kai tsaye. Al'adar da ta fi ɓata fayil ita ce ciniki ya shiga asusun yaron shago yau, gobe na ƙane, jibi POS ɗin maƙwabci, daga nan kuɗin makarantar yara da cefane su fita daga wuri guda. Mai duba bayanan banki ba zai iya gane riba a cikin wannan ba. Ware asusun kamfani, ka yanka wa kanka albashi ko rabon riba da zai riƙa fita zuwa asusunka na kanka a kan tsari. A ƙalla bayanan wata 12 masu tsabta, na wata 24 sun fi.

Haraji shi ne wurin da mutane suke yi wa kansu illa ba su sani ba. Za a nemi shaidar biyan haraji ta shekaru 3: ta kamfani daga hukumar haraji ta tarayya, taka ta kanka daga hukumar tara haraji ta Jihar Kano. In takardar harajinka ta nuna kana samun naira miliyan 3 a shekara, sannan ka ce za ka zuba jarin dala 100,000 daga ribar kasuwanci, lissafin bai haɗu ba, kuma ɗayan biyu za a ɗauka: ko ka ɓoye wa gwamnatinka, ko kuɗin ba naka ba ne. Ka samu akanta mai lasisin ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, ya binciki littattafanka ya fitar da rahoton kowace shekara, kuma alƙalumansa su yi daidai da na banki da na haraji.

Mai shigo da kaya ya tattara Form M na neman shigo da kaya, takardar PAAR ta tantancewar kwastan, takardun jirgin ruwa da rasit ɗin kwastan. Mai fitar da riɗi, zoɓo, citta ko ƙaro daga Dawanau ya adana rajistarsa ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, da fom ɗin NXP na fitar da kaya da shaidar dawowar kuɗin kayan ta banki. Waɗannan takardu sun fi kowace wasiƙar yabo daraja, domin hukuma ce ta fitar da su a lokacin da cinikin ya faru.

Wani ƙaramin abu mai jawo babban jinkiri: suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar fili, ga Sani wani lokaci sunan tsakiya wani lokaci na ƙarshe. Daidaita fasfo, NIN, BVN da takardun CAC su zama harafi ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Tsofaffin takardun da ba za su gyaru ba, a haɗa su da takardar rantsuwa daga kotu.

Asalin kuɗin da hanyar da za su bi

Kowane kaso na jarin sai an bi sawunsa daga tushe. In ribar kasuwanci ce, takardun da aka ambata sun isa, a ƙara da ƙudurin daraktoci na fitar da ribar zuwa gare ka, domin kuɗin kamfani ba naka ba ne sai an raba. In gida ko fili ka sayar, a kawo shaidar mallaka, yarjejeniyar cinikin da lauya ya rubuta, da shigar kuɗin daga asusun mai saye zuwa naka. Cinikin da aka yi a zaure da shaidu biyu aka ƙirga kuɗi a buhu halal ne, amma ba shi da sawu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba ta banki ba. In gado ne, a karɓi takardar rabon gado daga kotun shari'a. In kyauta ce daga mahaifi ko yaya, ya rubuta cewa kyauta ce ba bashi ba, shi ma kuma ya nuna inda ya samu.

Kada ka ari kuɗi a zuba maka a asusu mako biyu kafin ka nemi biza. Asusun da ya saba ganin miliyan 2 ya wayi gari da miliyan 80 abu ne da ake ganewa a kallo ɗaya.

Wajen fitar da kuɗin, ɗan Kano ya saba da Wapa, kasuwar 'yan canji: ka ba da naira a nan, wani ya miƙa maka dirhami a Deira ta Dubai kafin la'asar. Don sayen kaya wannan ya daɗe yana yi wa mutane aiki, amma don biza yana yanke sawun kuɗin a tsakiya, tunda abin da zai shiga asusunka a can daga hannun wani baƙo zai fito. Jarin ya tashi daga asusunka na dala, da sunanka, zuwa asusun kamfaninka na can ko na lauyan da ke riƙe da amanar cinikin, ka kuma karɓi takardar SWIFT, wato shaidar banki ta tura kuɗi waje, ta kowane turi. In ka sayi dalar a wurin ɗan canji, ya zama mai lasisi, ka biya shi ta banki, ya ba ka rasit. Tsabar da ta wuce dala 10,000 kuwa dole a bayyana wa kwastan a filin jirgi.

Tsarin kasuwancin

Kada ka sayi rubutaccen tsari a intanet a sauya suna. Za a yi maka tambayoyi a kansa, in ba ka san abin da ke shafi na 12 ba an gama da kai. Ya ƙunshi abin da za ka sayar, wa zai saya, su wa ke sayar da irinsa a garin, kuɗin haya da albashi na gaske a wurin, da hasashen shiga da fita na shekara 3 zuwa 5. Ya kuma zama sana'ar da ka sani. Mai shekara 15 a harkar fata ya ce zai buɗe kamfanin manhajar kwamfuta, tambayar farko ita ce me ya haɗa shi da ita.

Ga mai neman E-2 da fasfo na biyu, akwai ƙa'idoji huɗu da ake aunawa. Kuɗin su riga sun shiga sana'ar ta yadda za a iya asararsu: an biya haya, an sayi kayan aiki, ko an ajiye kuɗin sayen shagon a hannun amintacce da sharaɗin a sake su in biza ta fito. Kuɗin da ke kwance a asusu ba a lissafa su. Ka mallaki aƙalla rabin kamfanin. Jarin ya yi daidai da girman sana'ar, in ƙarama ce kusan duk kuɗinta daga gare ka. Sannan ta nuna za ta wuce ciyar da kai da iyalinka kawai cikin shekara 5, wato za ta ɗauki ma'aikata. Bashin da aka ci da jinginar kadarar sana'ar kanta ba ya shiga lissafi, wanda ka ci da jinginar gidanka yana shiga.

Dubai, mataki bayan mataki

Ka fara yanke shawara tsakanin lasisin cikin gari da na yankunan kasuwanci na musamman. Tun 2021 baƙo zai iya mallakar kamfanin cikin gari ɗari bisa ɗari a yawancin sana'o'i, ba sai da ɗan ƙasa mai kashi 51 ba. Na yanki na musamman ya fi araha da sauri, ya kuma dace da mai sayo kaya daga Chana ya wuce da su Afirka. Amma ba ya ba ka damar buɗe shago a Deira ka sayar wa jama'a kai tsaye, kuma kayan da suka fito daga yankin zuwa cikin gari ana biya musu kuɗin fito, yawanci kashi 5 cikin ɗari. Mutane da yawa sun sayi lasisi mai araha suka gano bai dace da abin da suka je yi ba.

Daga nan jerin haka yake: a zaɓi nau'in sana'ar daga jadawalin hukuma, a kama sunan kamfani, a samu amincewar farko, a sa hannu a takardar kafa kamfani, a kama wuri a yi wa yarjejeniyar haya rajistar Ejari, wato rajistar haya ta gwamnatin Dubai, in a cikin gari ne, a biya a karɓi lasisi. Da lasisin ake buɗe wa kamfani fayil a hukumar shige da fice, sannan a nema maka izinin shiga. In ka isa za a yi gwajin jini da hoton ƙirji, a ɗauki zanen yatsu don katin shaida, ka sayi inshorar lafiya, sai izinin zama ya fito, yawanci na shekara 2. Bizar shekara 10 ta masu sayen gida tana buƙatar kadarar dirhami miliyan 2, kusan dala 545,000.

Abu biyu ne suke kama 'yan Najeriya a nan. Na farko, lasisi ba ya tabbatar da biza. Hukumar shige da fice tana yin nata binciken daban, kuma ƙasar ta taɓa dakatar da ba 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024. Kafin ka biya cikakken kuɗin lasisi, nemi a fara neman amincewar shige da fice da fasfonka, a kuma rubuta maka abin da za a mayar in an ƙi. Na biyu, asusun banki. Bankunan can sukan nemi bayanan asusunka na gida, takardun ciniki da sunayen waɗanda kake hulɗa da su, kuma sukan ƙi kamfanin da ba shi da ofis na gaske. An cire Najeriya daga jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan safarar kuɗi a Oktoban 2025, amma bankuna ba su daina tambaya ba. Ka sa kuɗin sabunta lasisi na kowace shekara a lissafinka, da harajin kamfani na kashi 9 cikin ɗari kan ribar da ta haura dirhami 375,000, wanda ya fara a Yunin 2023.

Tantance takardu da maganar iyali

Takardar aure, ta haihuwar yara, ta shaidar rashin laifi daga 'yan sanda da takardun CAC ba sa aiki a waje haka nan. Sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga musu hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka, a ƙasashen Larabawa kuma a ƙara da fassarar Larabci daga mai fassara mai lasisi. Takardar 'yan sanda da gwajin lafiya suna da wa'adi, don haka su ne na ƙarshe da za ka karɓa. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a rubuta ba, a je kotun shari'a a karɓi shaidarsa.

Mai mata fiye da ɗaya ya san wannan tun kafin ya yi wa kowa alkawari: Amurka da Birtaniya mace ɗaya suke karɓa a matsayin matar mai biza. Kada kuma a rubuta 'ya'yan ɗaya a matsayin na ɗayar don a sauƙaƙa, domin ana iya neman gwajin DNA. Amurka tana ɗaukar yaro a ƙarƙashin mahaifinsa in bai kai 21 ba kuma bai yi aure ba, Birtaniya in bai kai 18 ba. Daular Larabawa tana barin ɗa namiji har shekara 25, mace kuma muddin ba ta yi aure ba. Ɗan ɗan'uwa da ka riƙa tun yana goye ba ya shiga sai da takardar riƙo ta kotu, ita ma ba ko'ina ake karɓarta ba.

Ejan, fom da ranar ganawa

Ba laifi ka ɗauki mai taimako, amma ya zama lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista a ƙasar da za ka, wanda za ka iya duba sunansa a shafin hukumarsu. Kuɗin gwamnati ka biya da kanka a shafin gwamnati. Kada ka bar fasfonka a hannun kowa, kada kuma ka sa hannu a fom ɗin da ba ka karanta ba. In an taɓa hana ka biza a ko'ina, ko ka taɓa wuce wa'adi a Umara, faɗi gaskiya in an tambaya. Hani na baya ba ya rufe ƙofa, amma ƙarya tana rufewa: Birtaniya tana haramta wa mai yaudara shiga har shekara 10, Amurka kuwa har abada.

A wurin ganawa amsa gajeriya ake so, da alƙaluman da suka yi daidai da na fayil: nawa ka zuba, a kan me, nawa ne haya, mutum nawa za ka ɗauka, wa zai riƙe shagon Kano. Jera takardun bisa tsari da lamba a kowane kashi, asali a gefe, kwafi a gefe.

Bayan biza ta fito, ajiye komai kamar yadda ka yi a gida, domin ranar sabuntawa za a auna abin da ka yi da abin da ka ce za ka yi. Mai L-1A zai nuna a ƙarshen shekarar farko cewa reshen yana aiki kuma yana da ma'aikatan da yake shugabanta. Mai Innovator Founder zai zauna da hukumar da ta sa masa hannu bayan wata 12 da bayan wata 24, ya biya fam 500 kowane zama, in ba su gamsu ba za su iya janye amincewarsu. A Dubai kuwa izinin zamanka yana rataye ne da lasisin, don haka ka rubuta ranar ƙarewarsa, ka fara sabuntawa wata guda kafin ta zo, tare da yarjejeniyar hayar da ba ta ƙare ba.